Wata 16 Ana Fakon Zubar Taurari: Nazarin Lamarin Wani Mai Hoto

Mutumin, kayansa, da abin da yake nema

Mutumin da wannan nazari ya shafa ya yi shekaru yana ɗaukar hoto kafin ya taɓa ɗaga kyamara sama da dare. Duk aikinsa na rana ne: fuskokin mutane, itatuwa, tsuntsu idan ya yarda ya tsaya. Kayansa kaɗan ne. Yana da kyamara mai sauya gilashi, wadda farantin karɓar haskenta yake da girman da ake kira APS-C, da gilashin da ya zo tare da ita, mai tafiya daga milimita 18, inda yake gani da faɗi, zuwa 55, inda yake jawo nesa, sai batir ɗaya da katin ajiya ɗaya. Yana zaune a tsakiyar babban gari, a ɓangaren arewa na duniya. Burinsa bai wuce hoto guda ba: sama cike da taurari, ga zanen wanda ya gilma a tsakiyarsu.

Abin da ke gilmawar ƙura ce da tsakuwa, yawanci ba su wuce ƙwayar yashi ba, waɗanda taurari masu wutsiya ke bari a kan hanyarsu ta zagaya rana. Duniya na ratsa wannan hanya a lokaci ɗaya kowace shekara, sai ƙurar ta afka cikin iskar da ta lulluɓe mu da gudun gomman kilomita a sakan, ta ƙone a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Hasken ƙonewar muke gani, kuma galibi ba ya cika sakan ɗaya. Da yake duk gefe guda ƙurar ta dosa, sai a ga kamar daga wuri ɗaya zanen ke fitowa, yadda gefuna biyu na miƙaƙƙen titi ke haɗewa a can nesa. Wannan wurin shi ne cibiyar zubar, kuma galibi zuba tana cin sunan rukunin taurarin da cibiyarta ke ciki.

Biyu aka fi fako a shekara. Akwai Farsid, wadda ke kai ƙololuwa wajen 12 zuwa 13 ga Agusta, daga ƙurar tauraro mai wutsiya Swift-Tuttle da aka gano a 1862, mai zagaya rana cikin shekara kusan 133. Tana shigowa da gudun kilomita 59 a sakan. Sai Jeminid, wajen 13 zuwa 14 ga Disamba, wadda tushenta wani dutsen sararin samaniya ne mai suna 3200 Phaethon, da aka gano a 1983. Ita gudunta kilomita 35 ne a sakan.

Lokuta da saitin da za a ambata a nan daga hotunansa suka fito, domin kowane hoton dijital na ɗauke da su a cikinsa, shi kuwa bai goge ko ɗaya ba, har waɗanda suka fito baƙi ƙirin.

12 ga Agusta, 2022: saman bene

Ya karanta cewa za a ga masu gilmawa kusan 100 a awa ɗaya. Ƙarfe 9 na dare ya hau saman bene da kyamara a hannu, a kan saitin da take yi wa kanta komai. Dabarar tsuntsu ya zo da ita: a zuba ido, in ya bayyana a danna.

A ranar wata ya cika, yana sama tun faɗuwar rana har asuba. Ga fitilun gari ta ko'ina, ga cibiyar Farsid tana ƙasa-ƙasa a arewa maso gabas. Cikin awa biyu ya ga guda biyu. Na farko ya wuce kafin yatsansa ya motsa. Na biyu ya danna, kyamara ta ƙi ɗauka, domin a duhu ba ta sami abin da za ta saita gani a kai ba, sai gilashin ya yi ta kai da komowa. 'Yan hotunan da suka fito duk toka-toka ne, da karkarwar hannu a jikinsu. Ƙarfe 11 ya sauko.

Adadin 100 da ya karanta yana da sharaɗi. Masu lura da wannan fanni, irin ƙungiyar duniya ta IMO, suna kiransa ZHR, wato abin da mutum ɗaya zai gani a awa idan sama ta yi duhu sarai kuma cibiya tana daidai bisa kansa. Idan cibiyar ta tsaya a digiri 30 daga ƙasa, rabi ya tafi, tun kafin wata da fitilu su ci nasu kason.

13 ga Disamba, 2022: ƙafa-uku da gilashi mai jawo nesa

Kafin Disamba ya sayi ƙafa-uku, abin kafa kyamara don kada ta motsa, ya kuma koyi saita kyamara da hannu. Ya fita bayan gari, tafiyar kilomita 20. Ya ji cewa cibiyar Jeminid tana kai tsakiyar sama wajen ƙarfe 2 na dare, wanda gaskiya ne, don haka bai isa wurin ba sai tsakar dare. Wata ya cika tun 8 ga Disamba, a wannan daren kuma kusan kashi 70 cikin 100 na fuskarsa na haske. Watan ya fito kafin ƙarfe 10, ya hau ta gabas, ba nisa sosai da cibiyar. Awannin duhun da aka samu a farkon dare sun riga sun wuce.

Ga yadda ya saita. Ya jawo gilashi zuwa milimita 55, a bisa tunanin abin na nesa ne. A wannan ƙarshen ƙofar hasken gilashin ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (a wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce ƙofa mafi faɗi). Ya sa kowane hoto ya ɗauki sakan 30, ya ajiye ISO, wato ma'aunin ƙarfafa hasken da farantin ya karɓa, a kan 800. Ya murɗa zoben saitin gani har ƙarshe, ya auna tauraro Kasto, wanda cibiyar ke dab da shi. Da yatsa yake dannawa, kuma duk hoton da ya fito sai ya duba shi a allo kafin ya sake.

Akwai wani saiti da ya zo a kunne tun daga kamfani, na rage ɗige-ɗigen hoton dare. Aikinsa shi ne, bayan kowane hoto na sakan 30, kyamara ta rufe ido ta sake ɗaukar wani na sakan 30 a duhu, domin ta cire ɗige-ɗigen daga na farko. Mai hoton ya ɗauka jinkirin adanawa ne kawai.

Daga 12:20 zuwa 2:50, lokacin da batir ya mutu, ya ɗauki hoto 110. Da idonsa ya ga kimanin 30 sun gilma, wasu har da haske mai tayar da tsigar jiki. A hotunan babu ko ɗaya. Taurarin sun fito kamar ƙananan faya-fayai da aka ja gefe, sama kuma ta yi fari-fari saboda wata. Hoto ɗaya ya zo da dogon layi, ya yi murna a hanya, amma da ya buɗa shi a kwamfuta sai ya ga ɗigon ja da fari a jere. Jirgin sama ne.

Janairu zuwa Afrilu, 2023: lissafi da atisaye

Bai sake fita ba sai da ya zauna da alƙalami. Abu na farko da ya auna shi ne faɗin saman da gilashinsa ke gani. A milimita 55, a irin kyamararsa, hoton na cin kimanin digiri 24 a kwance da 16 a tsaye, wato kusan kashi 1 cikin 50 na saman da ke bisa kan mutum. A milimita 18 yana cin digiri 66 da 47, kusan kashi 1 cikin 7. Na biyu shi ne lokaci: hoto 110 sau sakan 30 minti 55 ke nan, daga cikin minti 150 da ya yi a tsaye. Sauran minti 95 idon kyamara a rufe yake, ko tana cire ɗige-ɗige, ko shi yana duba allo.

Jan da taurarin suka yi daga juyawar duniya ne, wadda ke tafiyar da sama digiri 15 kowace awa. Masu hoton dare na da wani ƙiyasi: a raba 500 da tsawon gilashi, bayan an ninka tsawon da 1.5 a kyamara irin tasa. A milimita 55 abin ya ba da sakan 6, shi kuwa 30 ya yi. A milimita 18 ya ba da sakan 18. Kumburin taurarin kuma daga zoben ne, domin gilasai da yawa na wuce daidai saitin nesa idan aka murɗa su har ƙarshe.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi ɗaukar masa lokaci, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A hoton dare an saba cewa tsawaita buɗewa na ƙara haske, to me ya hana sakan 30 fito da abin da ido ya gani sarai? Amsar tana cikin gajartar abin. Tauraron da ke tsaye yana zuba haskensa a wuri ɗaya a kan farantin har tsawon sakan 30 ɗin. Mai gilmawa kuwa rabin sakan ya samu, kuma a cikin rabin sakan ɗin yana gudu ne, kowane ɗigo na farantin ɗan ƙyiftawa kawai yake samu daga gare shi. Ko an buɗe sakan 5 ko sakan 30, hasken da ya bari ɗaya ne. Wanda ke ƙaruwa da tsawon lokaci shi ne hasken saman kanta, na wata da na gari, yana taruwa a kan zanen har ya binne shi. Ke nan abin da zai fito da zanen shi ne girman ƙofar gilashi, da ISO daidai gwargwado, da duhun wurin. Ya kuma lura cewa f/5.6 da ya yi amfani da ita na shigar da haske ƙasa da rabin na f/3.5, wadda gilashin nan nasa ke bayarwa a milimita 18.

Daga nan ya shiga atisaye a dararen da ba a zubar komai. Ya koyi nemo tauraro mafi haske a allon kyamara, ya girmama shi sau 10, ya riƙa murɗa zobe a hankali har tauraron ya tsuke ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ya manne zoben da salatif. Ya kashe saitin cire ɗige-ɗige, da na hana karkarwa, da nuna hoto a allo bayan ɗauka. Ya koma adanawa a RAW, wato tsarin da ke ajiye ɗanyen hoto yadda farantin ya karɓe shi. Ya sayi rimot mai agogo, wanda ke danna kyamara a kai a kai ba tare da an taɓa ta ba.

Daren 22 zuwa 23 ga Afrilu ya gwada duka a kan Lirid, ƙaramar zuba daga ƙurar tauraro mai wutsiya Thatcher na 1861, wadda ZHR ɗinta bai wuce 18 ba. Sabon wata ya kama 20 ga Afrilu, saboda haka sama ta yi duhu. Saiti: milimita 18, f/3.5, sakan 15, ISO 3200, hutun sakan 1 tsakanin hoto da hoto, wato hoto 225 a awa. Batir ya yi kusan awa uku. Bai kama mai gilmawa ba, amma a karon farko taurarinsa sun fito ɗigo-ɗigo tsaf daga hoton farko zuwa na ƙarshe.

12 zuwa 13 ga Agusta, 2023: raɓa

A wannan karon ya duba wata kafin komai. Sabon wata zai kama 16 ga Agusta, don haka siririn da ya rage ba zai fito ba sai gab da asuba. Ya yi tafiyar kilomita 60, zuwa inda ake ganin farin bakan taurarin nan da ya ratsa sama. Ya tafi da batir biyu da tocila mai jan haske, domin ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma nan take yake ɓata wannan sabo.

Bai auna cibiya ba. Waɗanda ke fitowa dab da ita kusan mutum suke dosowa, shi ya sa zanensu gajere ne. Dogayen suna can gefe. Ya miƙa hannu ya auna taƙi biyu daga cibiyar, wato digiri 40 zuwa 45, ya kafa kyamara tana kallon tsakanin ƙasa da tsakiyar sama. Ya yi wani abu kuma wanda ba a cika yi ba: ya daidaita agogon kyamara da na wayarsa, ya kunna ɗaukar murya, ya riƙa faɗin lokaci duk sa'ad da wani ya gilma ta yankin da gilashin ke kallo, tare da cewa mai haske ne ko dishi-dishi.

Ya fara ƙarfe 11 da saitin Afrilu. Ƙarfe 2:30, da ya zo sauya batir, ya haska gilashin ya tarar da shi jiƙe. Hotunan sun nuna daga baya cewa tun 1:20 taurari suka fara dusashewa, kafin 1:40 babu abin da ake gani sai hazo. Gilashin da ke kallon sama mara gajimare yana sakin zafinsa, ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, sai danshin iskar ya kwanta a kansa. Ya goge da ƙyalle mai laushi, bayan minti 10 ya koma yadda yake. Awannin da suka gabaci asuba, lokacin da cibiyar Farsid ke can sama kuma zubar ta fi yawa, da idonsa kaɗai ya kalle su.

Hotuna masu kyau 525 ne, daga 11:00 zuwa 1:20. A muryar da ya ɗauka, 11 ne suka gilma ta yankin gilashin a wannan tsakanin. Ya bi lokutan ɗaya bayan ɗaya. Uku ne suka fito a hoto: ɗaya a bayyane, mai ɗan kore a farkonsa, biyu kuma sai an girmama hoton ake ganinsu. Dukan ukun suna cikin waɗanda ya kira masu haske. Sauran takwas sun wuce ta gaban gilashi a buɗe, saiti daidai, ba su bar alama ba.

Satumba zuwa Nuwamba, 2023: gyara biyu

Na raɓa bai yi wuya ba. Ya samo ɗamarar ɗumama gilashi, wadda ake naɗewa a jikinsa a jona da batirin cajin waya, ya kuma riƙa sa hular gilashi, wadda ke rage faɗin saman da fuskarsa ke kallo kai tsaye.

Na haske shi ya bukaci sabon gilashi. Ya ari na milimita 16 mai buɗewa har f/1.4 a wurin wani abokinsa. Da ya gwada, a f/1.4 taurarin kusurwa suna fitowa da fukafukai, a f/2 kuma sun gyaru daidai gwargwado. Ya tsaya a f/2, wadda ke shigar da haske ninki uku na f/3.5. Faɗin ganin gilashin digiri 73 ne da 52, kusan kashi 1 cikin 6 na sama. Da yake ƙofar ta ƙaru, hasken saman ma zai taru da sauri, sai ya rage buɗewa zuwa sakan 10. Da hutun sakan 1, hoto 327 ke nan a awa, kowanne kusan megabayit 25, don haka ya sayi katin gigabayit 64.

13 da 14 ga Disamba, 2023

Sabon wata ya kama 12 ga Disamba, duk daren babu shi. Jadawalin IMO ya sa ƙololuwar Jeminid a 14 ga wata, da ZHR kusan 150, kuma ƙololuwar wannan zuba mai faɗi ce, tana ɗaukar kusan yini guda. Ya ware dare biyu.

Daren 13 siririn gajimare ya shigo bayan tsakar dare, ya tattara kaya ƙarfe 1 da zane shida a kati. Daren 14 sama ta washe. Ya isa da sauran haske, ya kafa ƙafa-uku a wuri mai tauri. Ya fara saita gani a kan Jupita, wadda ke haske sosai a lokacin, ya tabbatar a kan wani ƙaramin tauraro, ya manne zobe, ya kunna ɗamara tun kafin sanyi ya sauko. Ya auna yankin da ke tsakanin Oriyon, mai taurari ukun nan a jere, da Kaza da 'Ya'yanta, wanda ya yi daidai da taƙi biyu daga Kasto. Saiti: milimita 16, f/2, sakan 10, ISO 3200.

Ya danna rimot ƙarfe 10:30 ya koma ya kishingiɗa. Sau uku ya taɓa kyamara kafin ƙarfe 4: sau biyu domin ya juya ta ta bi Oriyon zuwa yamma, sau ɗaya domin batir. Kowane karo sai ya haska gilashi da jan haske ya kuma duba tauraro ɗaya a allo. Raɓa ta jiƙa jakarsa da ƙafafun ƙafa-uku, gilashin ya tsaya a bushe. Ya tashi da hoto kusan 1,750.

Tantancewa

Duba su ya ci maraice uku, domin kowanne sai an buɗa shi da girma. Sama da 50 na ɗauke da wani layi, kuma ba duka ne abin da ake nema ba. Na jirgi ba ya ɓuya, saboda ƙyaftawar fitilunsa. Na tauraron ɗan'adam ya fi ruɗi, ga shi sun yi yawa tun da aka fara harba na Starlink rukuni-rukuni a 2019. Alamarsa ita ce kaurin layin ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma idan aka duba hoton da ke gaba da na baya za a ga ya ci gaba daga inda ya tsaya, tunda yakan ɗauki mintuna kafin ya ƙetare sama. Yawancinsu a hotunan gab da asuba suka fito, lokacin da rana ke haska su daga ƙarƙashin gabas. Mai gilmawa a hoto ɗaya tak yake fitowa, siriri a farko, ya yi kauri, ya sake tsukewa ko ya yanke.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ja layin baya a ga ko zai kai cibiya. Guda 37 sun kai gefen Kasto. Huɗu sun nufi wasu wurare, wato ba na Jeminid ba ne, irin waɗanda ake samu kowane dare ne. Tara daga cikin 37 ɗin sun isa a nuna su su kaɗai. Ya zaɓi hoto ɗaya ya zama tushe, ya juya sauran har taurarinsu suka hau kan na tushen, ya kwaso zanen kaɗai. A ƙarƙashin hoton da ya haɗa ya rubuta cewa tarin awa biyar da rabi ne, kada mai kallo ya ɗauka haka sama ta kasance a lokaci guda.

Hukunci

A ganina, dare biyun 2022 sun lalace tun kafin ya bar gida, kuma da ya riƙe kyamara mafi tsada ma da hannu rabbana zai dawo. Jadawalin wata ya isa ya gaya masa haka. Wanda ya ce masa 100 a awa bai ce masa komai game da wata ba, kuma wannan gibin ya fi kowane kuskuren saiti tsada.

Gyaran da ya fi girma shi ne wanda kusan bai ci kuɗi ba. A Disamban 2022 kyamara na kallon kashi 1 cikin 50 na sama, a buɗe kashi 37 cikin 100 na lokacin. Idan aka haɗa, bai kai 1 cikin 100 na abin da ke faruwa a sama ba. A Disamban 2023 tana kallon kashi 1 cikin 6, a buɗe kusan kashi 90, wato kimanin 15 cikin 100. Ninki 20 ke nan, kuma mafi yawansa ya samu tun Afrilu da tsohon gilashinsa, ta hanyar komawa milimita 18, kashe saiti ɗaya, da barin rimot ya yi aikinsa. Daren Lirid, wanda bai kama komai a cikinsa ba, shi ya tabbatar da wannan ɓangaren, kuma ban ɗauke shi a matsayin asara ba.

Abin da na fi yaba masa shi ne muryar da ya ɗauka a Agusta. Ba don ita ba, da ya ɗora laifin daren gaba ɗaya a kan raɓa, ya sayi ɗamara, ya koma Disamba da f/3.5. Takwas ɗin da suka wuce ba alama su suka nuna cewa akwai matsala ta biyu a ƙarƙashin ta farko.

Sai dai ba zan bai wa gilashin aro dukan yabon tashi daga 3 zuwa 37 ba. Awannin da aka ɗauka sun ninka fiye da biyu, kuma sun haɗa da lokacin da cibiya ke tsakiyar sama, wanda raɓa ta cinye a Agusta. Jeminid ta fi Farsid yawa, ta kuma fi ta tafiya a hankali, 35 a kan 59, don haka kowane ɗigo na farantin na samun ƙarin lokaci da haskenta. Abubuwa huɗu suka sauya tare, kuma hotunansa ba za su iya raba kason kowanne ba. Hanyar rabawa ita ce kyamara biyu a kafe gefe da gefe a dare ɗaya, ɗaya a f/2 ɗaya a f/3.5, kuma bai yi wannan ba. Gilashin ya koma wurin mai shi a Janairu. Jeminid ta 2024 kuma ta zo dab da cikar wata ta 15 ga Disamba, inda sakan 10 a f/2 zai wanke hoton fari, dole a sauko zuwa 'yan sakanni a kuma juya wa watan baya, saitin da bai taɓa gwadawa ba.